Daga Kakuri zuwa Quarry Bank

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara 22 yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri da ke Kaduna, kuma tun ina yaro na san shi da abu biyu, wato ɗaga murya idan yana magana ko da a tsakar ɗaki ne, da wani busasshen tari da ba ya barinsa rani da damina. Saboda haka da ɗan yayata, wanda ya yi karatun digiri na biyu a Manchesta, ya gayyace ni bikin kammala karatunsa, abin da na fara roƙonsa shi ne ya ware mini kwana biyu ya kai ni inda aka soma kafa irin waɗannan masaƙu a duniya, domin in ga yadda mutanen da suka fara wannan aiki suka rayu.

Na bar gida a farkon watan Disamba, hunturu ya fara busawa, na shiga jirgin ƙasa na safe daga tashar Rigasa zuwa Idu, daga can mota ta kai ni filin jirgin sama na Abuja. A jakata akwai kuka da daddawa da yaji da mahaifiyar yaron ta haɗa masa, amma kilishin da na saya sai na bar wa yara a gida, don an gargaɗe ni cewa ba a barin matafiyi ya shiga Ingila da nama. Mun yi sa'a shida da ɗoriya a sama kafin mu sauka Landan. Jami'ar shige da fice ta tambaye ni inda zan sauka, da kwanakin da zan yi, da wanda zai ɗauki nauyina, na miƙa mata takardar gayyata da tikitin dawowa, ta dudduba, ta mayar mini da fasfo. Daga tashar Euston jirgin ƙasa ya ɗauke ni zuwa Manchesta cikin sa'a biyu da 'yan mintoci, a kan kuɗi kusan fam 40, wanda ɗan yayata ya ce da a ranar na saya da ya ninka haka. Ban ga abin da ya ɗauki hankalina ba sai da muka hau doguwar gadar bulo ta garin Stockport, inda na leƙa ƙasa na hangi manyan gine-ginen jan bulo masu tagogi jere-jere, da dogayen bututan hayaƙi da suka daɗe da daina aiki.

Yaron ya tarye ni a tashar Piccadilly da rigar sanyi a hannu, ya ce, "Kawu, sanya wannan tun kafin mu fita, wadda ke jikinka ba za ta yi ba." Gaskiyarsa kuwa, don ana yayyafi, kuma ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika ba duhu ya rufe gari, har na ga la'asar da magariba sun kusa haɗewa. Masaukinsa ɗaki ɗaya ne a cikin wani gida na jan bulo a kusa da Rusholme, irin gidajen nan da aka gina su manne da juna tun daga farkon layi har ƙarshensa. A daren muka ci shinkafa da naman rago a wani gidan abinci na 'yan Pakistan a kan titin Wilmslow, inda samun halal ba wuya, amma da na mayar da kuɗin kwano biyu zuwa naira sai na ce masa daga gobe a gida za mu riƙa tuƙa tuwo mu kaɗa kukar da na kawo.

Washegarin bikin muka shiga gari a cikin bas mai ruwan ɗorawa da ke ɗauke da hoton ƙudan zuma. Wannan hoto yana ko'ina a birnin, a jikin kwandon shara da fitilun titi, kuma yana cikin tambarin birnin tun 1842, alama ce ta mutane masu aiki ba hutawa. Mun fara da gidan tarihin kimiyya da masana'antu, wanda ba a biyan kuɗin shiga, yana kuma harabar tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1830 domin haɗa Manchesta da tashar jiragen ruwa ta Libaful, inda dilolin auduga ke sauka. A ɓangaren saƙa na tsaya gaban wani dogon agogo mai fuska biyu da aka ɗauko daga wata masaƙa a garin Macclesfield. Fuska ɗaya tana nuna lokacin da kowa ya sani, ɗayar kuwa an haɗa ta da babbar ƙafar da ruwa ke juyawa don tafiyar da injina, ta yadda idan ruwa ya yi ƙaranci injina suka rage gudu, ita ma sai ta rage gudu, ma'aikata kuma ba za su tashi ba sai sun cike giɓin. Na daɗe a wurin ina tunanin masaƙan gargajiya da na sani a ƙauyenmu, waɗanda ke kafa masaƙarsu a gindin bishiya bayan an gama aikin gona, su tashi idan ladan ya kira salla, su bar aiki idan an yi rasuwa ko suna. Mutanen ƙauyukan Ingila ma haka suke kafin zuwan injina, mata suna kaɗi a gida, maza suna saƙa, kowa yana auna aikinsa da rana da buƙatarsa. Tun daga 1771, lokacin da Richard Arkwright ya kafa masaƙarsa mai aiki da ƙarfin ruwa a Cromford, sai ƙararrawa ta karɓe wannan iko daga hannunsu. Wanda ya makara yakan tarar an rufe ƙofa, a kuma yanke masa tara daga ɗan albashinsa, kuma da yake talaka ba shi da agogo, sai aka sami masu sana'ar tashin mutane, suna bi layi-layi tun kafin asuba da doguwar sanda suna ƙwanƙwasa tagogin bene, ana biyansu 'yan kwabbai a mako. Sun tuna mini da samarin da ke kiɗa gwangwani suna tashin unguwa sahur, sai dai su wannan tashi nasu ba wata ɗaya ba ne a shekara.

Daga nan muka taka zuwa Ancoats, unguwar da masaƙun da ke aiki da tururi da gawayin kwal suka fara cunkushewa. Ginin masaƙar 'yan'uwan Murray da aka kammala a 1798 yana nan tsaye a bakin mashigin ruwa na Rochdale, hawa takwas, amma yanzu an mayar da shi gidajen kwana masu tsada, da shagunan shan shayi a kewaye. Sai mutum ya yi da gaske kafin ya iya kwatanta yadda wurin yake a da. A 1801 mutanen Manchesta ba su wuce kimanin 70,000 ba, amma zuwa 1851 sun haura 300,000, mafi yawansu baƙi ne daga ƙauyuka da kuma ƙasar Ayalan. An gina musu gidaje baya da baya, bango ɗaya ya raba gida biyu, ba ƙofar baya balle iska ta ratsa, gidaje da yawa suna tarayya a masai ɗaya da famfo ɗaya, waɗanda suka fi talauci kuma suna kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ruwa ke tsattsafowa. Kwalara ta shiga garin a 1832. Wani rahoto kan tsabtar muhalli da Edwin Chadwick ya fitar a 1842 ya nuna cewa matsakaicin shekarun da iyalan leburori ke mutuwa a Manchesta 17 ne, alhali a yankin karkara na Rutland 38 ne, kuma abin da ya jawo adadin ƙasa haka shi ne yawan mutuwar ƙananan yara. Uwa takan koma bakin inji ba da daɗewa ba bayan haihuwa, ta bar jariri wurin wata tsohuwa, a riƙa ɗura masa ruwan magani mai sa barci don ya yi shiru.

Kafin duhu ya yi muka biya ta wurin da ake kira filin St Peter a da, inda a ranar 16 ga Agusta 1819 mutane kusan 60,000, da yawansu masaƙa da makaɗa zare, suka taru suna neman wakilci a majalisa, sojojin doki suka afka musu da takubba, aka kashe fiye da goma aka raunata ɗaruruwa. Ba nisa da nan akwai mutum-mutumin Abraham Lincoln, shugaban Amurka na wancan lokaci, wanda ya rubuto wa ma'aikatan Manchesta wasiƙar godiya a 1863, saboda sun goyi bayan yaƙi da bauta a daidai lokacin da yaƙin basasar Amurka ya datse audugar da suke ci da ita, masaƙu suka rufe, yunwa ta shiga gidajensu. Mafi yawan audugar da ke ciyar da waɗannan injina kafin wannan yaƙi bayi baƙar fata ne suka nome ta a kudancin Amurka. Tsoron sake faɗawa irin wannan hali yana cikin abin da ya sa aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a Manchesta a 1902, ita ce kuma ta zo ta kafa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa. A nan na fahimci cewa zaren da ya ɗaure wannan gari da namu ya girmi mahaifina nesa ba kusa ba.

Rana ta biyu muka kama hanyar Quarry Bank, wadda ita ce asalin abin da ya kawo ni. Jirgin ƙasa ya sauke mu a ƙaramar tashar Styal cikin kusan rabin sa'a, muka yi tafiyar ƙafa ta 'yan mintoci a cikin laka da ruɓaɓɓen ganye, jiragen sama suna ta wucewa ƙasa-ƙasa don filin jirgin Manchesta yana maƙwabtaka da wurin. Masaƙar tana cikin wani kwari a bakin kogin Bollin, Samuel Greg ne ya gina ta a 1784, ta yi aiki har 1959, yanzu kuma tana hannun hukumar National Trust mai kula da wuraren tarihi. Kuɗin shiga ya kai kusan fam 20 ga mutum ɗaya, ban kuwa yi da-na-sanin biyansa ba. Wurin yana da kyau ƙwarai, ga itatuwa, ga lambu, ga gidan mai masaƙa a gefe, har mutum zai iya ɗauka wurin shaƙatawa aka gina shi tun asali.

A ƙasan ginin muka ga ƙatuwar ƙafar ƙarfe da ruwa ke juyawa a hankali, daga ita kuma sanduna da bel-bel ke kai ƙarfi kowane hawa. A ɗakin kaɗi wani dattijo ya tayar mana da injin da ke da ɗaruruwan mazarai jere a kan wani dogon keke mai tafiya a kan dogo, yana fitowa yana jan zare yana murɗawa, sa'an nan ya koma yana naɗewa. Kakata takan yi dare tana murza mazari ɗaya kafin ta tara abawar da za ta kai kasuwa, ga shi nan inji yana yin na mata ɗaruruwa a lokaci guda. Dattijon ya nuna mana inda yara ke shiga. Akwai masu ƙulla zare, waɗanda ke bin keken gaba da baya tun safe har dare, ba takalmi a ƙafarsu a kan daɓen katako da ya sha mai, suna kama duk zaren da ya tsinke suna haɗawa da yatsa ba tare da an tsayar da inji ba. Akwai kuma ƙanana a cikinsu, masu tsintar ɓurɓushin auduga, waɗanda ke rarrafe a ƙarƙashin zaren suna share ƙasa, kuma dole su fice kafin keken ya dawo. Na durƙusa na auna tsayin wurin da idona, bai kai ƙuguna ba. Yaron da gyangyaɗi ya ɗauke shi na daƙiƙa kaɗan a nan zai iya rasa yatsu, ko hannu, ko gashin kai da fatarsa, ko ransa. Ana kuma rufe tagogi ruf a bar ɗakin da zafi da laima, saboda zaren auduga yana tsinkewa a busasshiyar iska, don haka ƙurar auduga ba ta da mafita sai huhun ma'aikaci.

Abin da ya same ni a ɗakin saƙa ban shirya masa ba. Wata tsohuwa mai aikin sa-kai, wadda ta ce mahaifiyarta masaƙiya ce, ta gargaɗe mu cewa za a yi ƙara, sa'an nan ta ja wani hannun ƙarfe. Injina kaɗan ta tayar, amma daɓen ya ɗauki rawa, ƙoshiya tana harbawa daga wannan gefe zuwa wancan da saurin da ido ba ya iya bi, ƙarar kuma ta shige mini har cikin haƙora. Ɗan yayata yana gefena yana yi mini magana, ina ganin bakinsa yana motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Da ta kashe, ta ce mu ƙiyasta ɗaki mai injina ɗaruruwa, sa'a goma sha biyu a yini, shekara da shekaru. Sai ta nuna mana yadda masaƙan yankin Lancashire ke hira a bakin aiki, suna buɗe baki sosai suna siffanta kalma ba sauti, suna haɗawa da alamun hannu, har ya zame musu jiki suna yi a kan titi da cikin gida. Tana cikin yi sai na ga mahaifina. Haka yake yi da abokansa idan suka hangi juna daga tsallaken titi a Kakuri, mu kuwa yara muna ɓoyewa muna kwaikwayonsu, ba mu san cewa kurumta ce ke cin su a hankali ba. Na juya na fuskanci taga na ɗan lokaci. Yaron ya dafa ni ya ce, "Kawu, ko mu fita ka sha iska?" Na ce masa a'a, ina so in ji sauran.

Sauran shi ne yadda ake zura zare a ƙoshiya. Masaƙiya takan sa baki a ƙaramar kafar da ke jikinta ta zuƙo zaren, sau da yawa a yini, tana haɗiyar ƙura da mai da rini, kuma ƙoshiyar da ta fito daga bakin mai tarin fuka ita ce za ta shiga bakin wata. Ciwon ƙirji da ƙurar auduga ke haddasawa yana farawa ne da tari da ƙuncin numfashi a ranar farko ta mako, bayan an huta, daga baya ya zauna daram. Mahaifina ya sha jiƙe-jiƙe iri-iri a kan tarinsa, ya rasu ba wanda ya taɓa gaya masa sunan abin da ke damunsa.

Daga masaƙar muka hau tudu zuwa gidan 'yan koyo, wanda aka gina a 1790, kuma ba a shiga sai rukuni-rukuni tare da mai jagora. Da yake masaƙar tana cikin daji ne inda ba mutane, sai Greg ya riƙa ɗauko yara daga gidajen da hukuma ke tara matalauta da marayu, daga Libaful da wasu garuruwa har Landan. Yaro ko yarinya mai kimanin shekara 9 ko 10 za a sa shi ya yi alama a takardar yarjejeniya cewa zai yi aiki har ya kai 18 ko fiye, a ba shi abinci da tufa da makwanci, ba albashi, sai kwabo ɗaya a sa'a idan ya yi aikin ƙari bayan an tashi. Gidan yakan ɗauki yara kusan 90 a lokaci guda, 'yan mata sun fi yawa. Mun hau bene muka ga gadajen katako masu kama da akwati, da katifar ciyawa, yara biyu a kowane gado, ga tukunyar fitsari a ƙasa, ga sanyin da ni da ke sanye da riga uku nake jinsa a ƙashi. A madafa mai jagora ta kwatanta mana karin kumallonsu, wani kunun hatsi da ake damawa ya yi kauri kamar tuwo, a yanka a ɗora wa yaro a tafin hannu don kada a ɓata lokaci da kwano da cokali. Da rana da dare akwai dankalin Turawa da madara da burodi, nama kuwa jefi-jefi. A ɗakin magani akwai kwalbar matsattsaku masu rai da ake ɗora wa mara lafiya su tsotse jini, da haɗin farar wuta da maɗi da ake ba su a matsayin maganin kusan kowace cuta. Ranar Lahadi ce kaɗai ba a aiki, ita ma ana tasa su a ƙafa zuwa coci a garin Wilmslow, a kuma ba su ɗan karatu.

Takardun masaƙar sun adana labarin wasu daga cikin yaran. A 1806 wani yaro mai suna Thomas Priestley, wanda inji ya cire wa yatsa, ya gudu tare da abokinsa Joseph Sefton, suka kama hanyar Landan a ƙafa. Da aka kama su aka kai gaban alƙali, Thomas ya bayyana cewa suna fara aiki ƙarfe shida na safe su tashi ƙarfe bakwai na yamma, rani da hunturu, kuma dalilin gudunsa shi ne tun da ya ji rauni yake begen mahaifiyarsa. A 1836 wata yarinya, Esther Price, ta gudu zuwa Libaful don ganin mahaifinta, da ta dawo aka kulle ta ita kaɗai a wani ɗaki na kusan mako guda. An nuna mana irin ɗakin. Ina tsaye a ciki na tuna 'yan aikatau da ake kwasowa daga ƙauyuka zuwa gidajen birni a ƙasarmu, yarinya 'yar shekara goma tana wanke-wanke da raino tun asuba har dare, kuɗin aikinta kuma yana tafiya hannun matar da ta kawo ta, ita ma idan ta gudu abin da take faɗa ke nan, tana son ganin uwarta. A gidan wani ɗan'uwana akwai irinta, na sha karɓar ruwa daga hannunta ban taɓa tambayarta garinsu ba.

Mai jagorar ta yi adalci wajen bayani. Ta ce idan aka kwatanta da sauran masaƙu na zamanin, Quarry Bank tana cikin masu dama-dama, don Greg ya ɗauki likita, Peter Holland, yana duba yaran, matar Greg, Hannah, kuma ta damu da karatunsu, ga shi ba a san wurin da yawan duka ba. Na yarda da wannan, amma ban ga ya wanke su ba. Iyalin nan suna da gonar rake a tsibirin Dominika da bayi ke nomawa, ɗan Samuel, Robert Hyde Greg, kuma yana cikin masu masaƙun da suka fi tsananta adawa da rage sa'o'in aiki. Likitan da ke duba yaro kafin a ɗauke shi yana tabbatar wa mai masaƙa ne cewa yaron zai iya jure aikin. Sauƙin da aka samu daga baya doka ce ta kawo shi, ita ma da jan ƙafa. Dokar 1802 ta taƙaita aikin 'yan koyo zuwa sa'a 12, ta 1819 ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara 9 a masaƙun auduga, amma ba wanda ke bi ya ga an aiwatar. Sai a 1833 aka naɗa sufetoci, su huɗu kacal ga ƙasar baki ɗaya, aka ce yaro daga shekara 9 zuwa 13 kada ya wuce sa'a 9 a yini, a kuma ba shi karatun sa'a biyu. A 1844 aka wajabta killace sassan injina masu haɗari, a 1847 aka kai ga dokar sa'a goma ga mata da matasa, shekarar da Quarry Bank ma ta daina tsarin 'yan koyo. Daga gina masaƙar zuwa wannan shekara an yi shekara 63, wato yaran da suka fara shiga gidan nan sun tsufa ko sun mutu kafin a kai ga haka.

Mun ratsa ta ƙauyen Styal a kan hanyar komawa, inda Greg ya gina wa ma'aikata masu iyali ƙananan gidaje da 'yar gona a gaban kowanne, da kanti da makaranta da wurin ibada. Sun fi na Ancoats nesa, sai dai kuɗin haya daga albashi ake cirewa, kanti na mai masaƙa ne, kuma wanda aka sallama daga aiki ya rasa gida a rana ɗaya. Muka yi azahar da la'asar a wani lungu a bayan itatuwa a kan rigar ruwan yaron, muka ci burodi da shayin da muka zo da shi a fulas. A kantin masaƙar na sayi ƙyalle guda na farin yadi mai kauri da aka saƙa a kan injinan da na gani.

Komowa ba ta da wani labari, sai jinkirin sa'a biyu a Landan. Kwana uku da isowata na bi ta Kakuri da gangan. Masaƙar farko ta zamani a Kaduna ta fara aiki ne a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfani na Lancashire, wasu kuma suka biyo baya har unguwar ta cika da dubban ma'aikata, jiniya tana kaɗawa sau uku a yini, kekuna suna fitowa kamar fari. Yanzu ciyawa ta cinye harabar mafi yawansu, rufi ya zube, kuma ban ga allo ko ɗaya da ke gaya wa mai wucewa su wa suka yi aiki a nan ba.

Da dare na kai wa mahaifiyata ƙyallen. Ta murza shi tsakanin yatsu, ta ɗaga shi ta duba a hasken fitila, ta ce wannan ai akoko ne, irin wanda ake ba su Malam a ƙarshen shekara. Na ba ta labarin ɗakin saƙa da tsohuwar da ke magana ba sauti. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce shekarun farko na aurensu idan ya dawo daga aikin dare ba ya iya barci sai ta kunna masa rediyo, don shirun ɗakin yana sa kunnuwansa kuka, kuma kullum sai ta tsince farin ɓurɓushi daga gashin kansa da girarsa kafin ya yi alwala. Ta ninke ƙyallen gida huɗu, ta buɗe tsohuwar adakar da take ajiye katin aikinsa, ta sa shi a ciki.